Inda Bahaushe Yake Ajiye Mamacinsa

A ƙasar Hausa, mutumin da ya cika da asuba ba kasafai gawarsa take kai la'asar a cikin gida ba. Kafin rana ta take tsaka an aika kasuwa an yanko alawayyo, an kira mai wanka, an tanadi ganyen magarya da turare, an ɗauko makara daga masallacin unguwa, samari sun yi gaba zuwa makabarta da diga da shebur don su kama wa masu haƙa. Da an fito da shi ƙofar gida sai wani dattijo daga cikin dangi ya ɗaga murya ya ce duk wanda yake bin marigayi bashi ya zo ya ga wane, liman ya shige gaba, a yi kabbara huɗu babu ruku'u babu sujada, a saɓa makara a kafaɗa a kama hanya. Attajirin Kantin Kwari da ɗan dakon da yake sauke masa dila, hanya ɗaya ake bi da su, farin ƙyalle iri ɗaya ake naɗe su da shi. Mulki ma bai sauya wannan ba. Janar Sani Abacha ya rasu a Abuja ranar 8 ga Yuni 1998, a ranar aka rufe shi a Kano. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu daren 5 ga Mayu 2010, kashegari yana kwance a makabartar Ɗanmarna a Katsina, cikin mutanen garinsu. Baƙon da ya taso inda ake ajiye gawa makonni ana shirin biki, ana zaɓen akwati da dutsen da za a kafa, in ya ga wannan gaggawa, ya ga kabari ba ado ba rubutu, yakan ɗauka ko dai talauci ne, ko kuwa mutanen nan ba su damu da matattunsu ba. Duka biyun ya yi kuskure. Wannan kabari zaɓi ne da Hausawa suka kai gare shi bayan ƙarnoni na ja-in-ja, kuma da suka zaɓe shi sai suka kwashe aikin tuna mamaci daga makabarta suka ɗora shi a wuyan masu rai. A ganina zaɓin ya yi kyau, ko da yake ya bar wani giɓi da har yau ba a cike ba.

Shaidar farko cewa zaɓi ne tana gabas da birnin Katsina, a ƙasar Mani, a wurin da ake kira Durɓi ta Kusheyi. Tuddai ne na ƙasa da aka tara da hannu, waɗanda tarihin baka yake cewa makwantan sarakunan Durɓawa ne, zuriyar Kumayau, da suka riƙe ƙasar kafin Muhammadu Korau ya karɓe sarauta daga hannun Sanau. A 1907 wani Baturen mulki mai suna Palmer ya sa aka tona wasu daga cikinsu, a farkon sarautar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda shi kansa Durɓi ne kafin ya hau gado. A 1992 masu binciken kayan tarihi suka sake tona wasu, daga baya aka kai abin da aka samu birnin Mainz na Jamus aka gyara, aka auna shekarunsa. Abin da ƙasa ta fitar ya isa ya sauya tunanin duk mai zaton Bahaushe tun fil azal haka yake binne mutum. Kowane tudu mutum ɗaya ne a tsakiyarsa, an rufe shi da adonsa da dukiyarsa: awarwaron hauren giwa, mundayen tagulla, duwatsun wuya, wuri, kayan zinariya, har da tasar ƙarfe mai zane wadda ta fito daga ƙasashen Musulmi na gabas. Shekarun kusheyin sun faɗo tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Wato a daidai lokacin da Musulunci yake shiga birane, manyan ƙasar nan suna tafiya lahira da kayansu, a tara musu tudun da za a hango daga nesa.

Larabawa masu rubuta labarin ƙasashe sun ji irin wannan binnewa. Al-Bakri, wanda ya yi rubutu a Andalus a 1068, ya bayyana yadda ake yi wa sarkin tsohuwar daular Gana rumfar itace, a sa shi ciki da makamansa da kwanonin cin abincinsa da masu yi masa hidima, a yi ta zuba ƙasa har ta zama tudu. Ibn Battuta, wanda ya ratsa Takedda a 1353, ya kawo abin da wani babba daga ƙabilar Masufa ya faɗa masa game da ƙasar Kubar, wadda masana da yawa suke ɗauka Gobir ce. A can, in sarki ya mutu, ɗaki ake haƙa masa a rufe shi tare da bayinsa da 'ya'yan manyan gari, kuma shi mai ba da labarin sai da ya fanshi ɗansa da dukiya mai yawa kafin aka bar masa shi. Labarin ji ne, ana iya rage masa gishiri, amma tuddan Durɓi sun tabbatar da tushen maganar. Tsohon kabarin sarki shela ce cewa muƙami ba ya ƙarewa da mutuwa, mai mulki a nan mai mulki ne a can, kuma talaka zai ci gaba da yi masa ɗawainiya ko da ta kai ga ransa.

Sauyin bai zo a dare ɗaya ba. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun iso da addini a zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385, aka tsayar da salla, aka naɗa liman da ladan da alƙali. Bayan fiye da shekara ɗari, a zamanin Muhammadu Rumfa, Shehu Magili ya sauka Kano ya rubuta wa sarki nasiha a kan yadda ake mulki. Amma abin da ya fi aiki a kan kabari ba fada ba ce, zaure ne. Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu a 996, ta zama littafin da kowane ɗalibin ilimi yake bi ta cikinsa, kuma a babinta na jana'iza ta faɗi ƙarara cewa gini a kan kabari da shafe shi da farar ƙasa abin ƙi ne. Malamin unguwa da ya karanta wannan shi ne ake tasa da tsakar dare in an yi rasuwa, shi zai faɗi yadda za a yi wanka, yadda za a naɗe, yadda za a kwantar. Da kaɗan-kaɗan hukuncin littafi ya zama al'adar gari. Da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zo, ya tarar da ragowar tsohuwar ɗabi'a a gauraye da sabuwa, sai ya ware babi guda a Ihya'us Sunna, wanda ya kammala a 1793, ya jera abin da yake sunna da abin da yake bidi'a a sha'anin jana'iza da makabarta. A Kitabul Farƙ kuma, cikin laifuffukan da aka lissafa wa sarakunan Hausa har da ƙwace dukiyar wanda ya mutu a ƙasarsu da sunan gado. Saboda haka maganar mamaci a wajen masu jihadi ba ta tsaya ga ibada ba, ta shafi adalci: wa zai ci abin da mamaci ya bari, maraya ko mai iko ko rami?

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin kabari ana rufe mutum ya ga amsar da idonsa. Ana haƙa rami mai ɗan faɗi, a tsakiyarsa kuma a fafe wani ƙarami daidai jikin mutum. Mutum biyu ko uku su sauka su karɓe shi, a kwantar da shi a gefen dama yana fuskantar alƙibla, a sassauta ɗaurin likkafani. Sai a jera itace a bakin ƙaramin ramin, ko fasassun tukwane inda aka saba da su, a toshe kafofi da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa don kada turɓaya ta zuba masa, sannan kowa ya sa hannu a tura ƙasa, a ɗan tudunta ta kamar taƙi guda, a yayyafa ruwa, a yi addu'a, a juya. Babu abin da ya shiga ramin nan wanda ɓarawo zai yi sha'awa. Zoben da yake hannunsa an zare, rigar da ya fi so tana cikin kayan gado ko an bayar sadaka. Tsakanin wannan da tasar ƙarfe da zinariyar Durɓi akwai tafiyar kusan shekara ɗari biyar, kuma duk takun da aka yi a cikinta, dukiya aka janye daga ƙarƙashin ƙasa aka mayar wa magada.

Za a ce ai wannan ba wani abin Hausawa ba ne, Musulunci ne kawai. Gaskiya ne hukuncin daga addini ya fito: hadisai sun yi umarni da gaggauta jana'iza, sun hana gini a kan kabari. Amma Musulmin duniya da suka karanta waɗannan hadisan ba duka suka yi aiki da su yadda aka yi a nan ba. Sarakunan Mamluk sun cika bayan Alƙahira da ƙubbobi. Shah Jahan ya gina Taj Mahal a kan matarsa da ta rasu a 1631. Turkawa sun sassaƙa duwatsun kabari har da siffar rawanin mai shi. Kada ma a je da nisa, a Gao akwai kabarin Askiya Muhammadu, ginin ƙasa mai tsawon mita 17, kuma wannan Askiyan shi ne wanda Shehu Magili ya amsa wa tambayoyi bayan ya bar Kano. Mazhaba ɗaya, malami ɗaya, tubalin ƙasa iri ɗaya, zafin rana ma na Gao ya fi. Don haka ba za a ce rashin dutse ko tsoron gawa ta lalace ne kaɗai ya hana Bahaushe gini ba, ko da yake zafi ya taimaka wa gaggawa. Rumfa ya gina fada da har yau ake zaune a cikinta, ya kafa kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, amma bai bar wa Kano hasumiya a kan kabarinsa ba. Mutanen da suka iya gina ganuwar Kano da Gobarau ta Katsina ba gini ne ya gagare su ba. Sun ɗauki fassarar da ta fi tsauri, sannan jihadin ƙarni na 19 ya zo ya buga mata hatimi, domin gwamnatin da ta hau mulki da sukar alfaharin sarakuna ba ta da bakin gina wa nata sarakunan tuddai.

Sai a ce to Hubbare fa? Tambaya ce mai nauyi, bai kamata a kauce mata ba. Shehu ya rasu a Sakkwato ranar 20 ga Afrilu 1817, aka rufe shi a cikin gidansa, kuma tun daga lokacin wurin ya zama abin ziyara. Mata 'yan taru da 'yarsa Nana Asma'u ta tsara karatunsu sun riƙa zuwa daga ƙauyuka, har yau kuma ba a rasa baƙi daga Najeriya da Nijar da gaba da nan. Kabarin ɗansa Muhammadu Bello a Wurno, inda ya rasu a 1837, da na ƙanensa Abdullahi a Gwandu, su ma ana zuwa. Sarakunan Kano na baya-bayan nan suna da makwancinsu a gidan Nassarawa, inda aka kai Ado Bayero a 2014. Maukibin Ƙadiriyya na Kano kowace shekara a makabartar Mai Giginya yake sauka. Duk wannan ya nuna zuciyar Bahaushe ma tana son wurin da za ta je ta tsaya. Amma a duba girman abin da irinsa. Hubbare asalinsa ɗakin gida ne, an bi misalin yadda aka rufe Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a ɗakin Nana A'isha. Babu dukiyar da aka binne, likkafanin Shehu irin na almajirinsa ne. Waɗanda aka yi wa haka ƙalilan ne, kuma yawancinsu malamai ne da jama'a suka yarda da waliccinsu. Mai kuɗi bai taɓa samun wannan da kuɗinsa ba. Abin da ma yakan faru da kabarin waliyyi shi ne talakawa su yi ta neman a kwantar da nasu kusa da shi, har wurin ya zama makabartar gari. Haka ta faru da Wali Ɗanmarna, malamin Katsina na ƙarni na 17. Yau sunansa na makabartar kowa da kowa ne, mai mulki da mai tallan ruwa.

To in ba a kabari ba, ina ake ajiye mamaci? Wuri na farko shi ne suna. Da wuya ka shiga gidan Bahaushe ba ka sami Abba ko Baba ko Ummi ko Mama ko Inna ko Halifa ba, yara ƙanana masu ɗauke da laƙabin manya. An mayar musu da sunan kaka ne, kuma saboda kunya ba mai iya kiran sunan gatsau, sai a sakaya. Yarinyar da ake kira Ummi, ubanta yana tausasa murya in zai yi mata faɗa, gwaggonninta suna yi mata wasa suna cewa uwarmu ta dawo, kuma tun tana ƙarama take jin labarin mai sunan, halinta, girkinta, abin da take so da abin da ba ta so. Dutsen kabari sai an yi tattaki ake ganinsa, wannan kuwa ana kiransa sau goma kafin a ci tuwon dare. Sarauta ma da suna ta adana tarihin mutuwarta. Sarkin Kano Usman ya zama Maje Ringim, Abdullahi ya zama Maje Karofi, domin a can ajali ya same su. A Sakkwato ana cewa Bello Mai Wurno, Atiku Mai Katuru. Sarkin Kano Alu ya rasu a Lakwaja a 1926, inda Turawa suka kai shi, Kanawa kaɗan ne suka taɓa ganin kabarinsa, amma babu gidan sarautar da aka manta da shi.

Wuri na biyu shi ne waƙa. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa tsakiyar shekarun 1860, ta yi marsiyyoyi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta yi wa ɗan'uwanta Bello, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha. Abin da ya fi jan hankali shi ne ta yi wa matan da ba su da sarauta ba su da littafi, irin su Halima maƙwabciyarta, da Zaharatu, wadda aka tuna da ita saboda ba ta ƙin kira, ko na karɓar haihuwa ko na wankan gawa. Babu wanda zai nuna maka tudun da aka tara wa Zaharatu, amma bayan fiye da shekara ɗari da hamsin mun san abin da ta yi da rayuwarta. Marsiyya ba ta lissafa abin da mutum ya mallaka, halinsa take lissafawa, don mai sauraro ya ɗauka. Wannan hanya ba ta yanke ba. Duk malamin da ya rasu, duk shugaban da jama'a suka so, kafin a share makoki an ji waƙarsa a rediyo, yanzu kuma a waya.

Wuri na uku shi ne ƙafa da hannu. Kwana uku ana zaune, maza a kan tabarmi a ƙofar gida, mata a ciki. Maƙwabta su ne masu ɗora tukunya, domin sunna ta ce a yi wa gidan mutuwa abinci, kamar yadda aka yi wa iyalan sahabi Ja'afar. Mai gaisuwa ya zo ya durƙusa, a yi addu'a a shafa, ya ce ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta, a amsa masa, ya ɗan zauna ya tashi wani ya maye. Bahaushe yakan yafe maka rashin zuwa biki, amma rashin gaisuwar mutuwa yana iya raba zumunci, shi ya sa mutum zai taso daga Legas ko Agadas don zaman da bai wuce minti goma ba. Matar mamaci kuma ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, ba kwalliya ba fita sai da lalura. Bayan nan sai abin da ya fi daɗewa, wato sadaka mai gudana, bisa hadisin da ya ce aikin mutum yana yankewa in ban da abu uku, sadakar da amfaninta yake ci gaba, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai addu'a. Daga nan rijiyoyi da famfunan burtsatse da masallatan unguwa da makarantun Islamiyya da randunan ruwa a bakin hanya suka samo asali. Kuɗin da a wata ƙasa zai tafi ga marmara, a nan yakan zama ruwan sha.

Wannan ɓangaren ma bai tsira daga suka ba, kuma sukar daga cikin gida ta fito. Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, da gumba da waina da yanka, sun riƙa kumbura har suka zama nauyi. Ana cin bashi don a fita kunya, wani lokaci a taɓa dukiyar marayu kafin a raba gado. Da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 ƙarƙashin Shaikh Isma'ila Idris, da goyon bayan Shaikh Abubakar Gumi, waɗannan tarukan suna cikin abin da ta fara suka, ta ce ba su da asali. A Maraɗi da sauran garuruwan Nijar, matasan 'yan kasuwa da yawa sun karɓi wannan kira, ciki har da don ya sauke musu kashe-kashen kuɗin bukukuwa. Malaman ɗariƙa suka ce addu'a da sadaka suna isa ga mamaci, sa rana kuwa don jama'a su san lokacin haɗuwa ne. An yi zafi, an raba masallatai, an raba gidaje. Amma a lura da inda aka yi faɗan. Ba a yi jayayya a kan likkafani ba, ba a yi a kan gaggawa ba, babu ɓangaren da ya ce a yi wa attajiri akwati. Duk rigimar a kan abin da masu rai za su yi ne bayan an dawo daga makabarta, domin nan ne kowa ya san aka ajiye mamacin. Haka abin yake a zangunan Kumasi da Ankara a ƙasar Gana. Hausawan can suna zaune cikin maƙwabtan da suke ajiye gawa wata da watanni, a wajen Teshie har akwati ake sassaƙawa da siffar kifi ko mota, amma su ranar da aka rasu ko kashegari suke rufewa. Inda tasirin maƙwabta ya sami ƙofa shi ne addu'ar arba'in, wadda ta zama babban taro. A nan gida ma rumfunan haya da kujeru da shafukan jarida da kalanda mai hoton marigayi suna neman dawo da alfaharin da aka kora daga kabari. Ba sai mutum ya shiga wata ƙungiya ba kafin ya ga cewa sadakar da mai ƙoshi ya ci, maraya ya biya, ta kauce wa manufarta.

Gwamnatin zamani, wadda ta gaji son gumaka da gine-ginen tunawa daga Turawa, ita ma da ta zo Arewa sai ta bi hanyar da ta tarar. An gina wa Abubakar Tafawa Ɓalewa wurin tunawa a Bauci a ƙarshen shekarun 1970, mai dogayen bangaye da lungu mai duhu da ake bi kafin a fita haske, amma kabarin kansa a fili yake, ba rufi a kansa. Malam Aminu Kano, da ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, a gidansa na Gwammaja aka rufe shi, gidan kuma ya zama cibiyar nazari ta Mambayya. Sauran duk suna ne aka mayar, kamar yadda ake yi wa jariri: Jami'ar Bayero, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Asibitin Murtala, Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi.

Suka mafi ƙarfi ita ce wadda ba ta da cikakkiyar amsa. Kabarin da ba rubutu ba ya ba da shaida. Bayan damina biyar ko goma tudun ya kwanta, wanda ya san wurin ya tsufa ko shi ma ya bi, jika ya zo ziyara ya tsaya a tsakiyar fili yana addu'a ga kowa da kowa. Ta fuskar addini babu asara a nan. Ta fuskar gari akwai. Makabartar da ba ta da alama ba ta da mai kare ta, shi ya sa tsofaffin makabartu da dama a biranenmu suka koma filaye da shaguna, wasu ruwa yana zaizaye su, wasu an mai da su juji. Sannan al'ummar da take rufe mutum cikin sa'o'i kaɗan ba tare da takarda ba, ba ta san adadin matattunta ba, balle abin da yake kashe su. A watan Afrilun 2020, da mace-mace suka yi yawa a Kano, masu haƙa kabari ne suka fara faɗa, domin su kaɗai ne suke ƙirga, da ka. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya na tarayya ya sanar da cewa bincike ya gano mutum 979 sun mutu, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana danganta su da korona. Wannan adadin ma gida-gida aka bi ana tambayar iyalai kafin a haɗa shi. Sunan da aka mayar wa jika yana riƙe mutum ɗaya a zuciyar gida ɗaya, amma ba zai gaya wa likita cewa annoba ta shigo gari ba.

Wannan giɓi ba ya buƙatar a koma ga tuddai ko a shigo da marmara. Sunna da kanta ta bar ƙofa, domin da aka rufe Usman bin Maz'un a Baƙi'a, Annabi ya ajiye dutse a wajen kansa don ya gane wurin ya kuma rufe danginsa kusa da shi. Ƙaramin allon ƙarfe mai suna da ranar rasuwa, wanda ya yawaita a makabartun birane a 'yan shekarun nan, bai fi wannan dutsen ba in dai an tsaya a nan, ba a fara gasar siminti da tayil ba. Abin da ya fi allon muhimmanci shi ne littafi a ƙofar makabarta, a rubuta wa aka kawo, shekarunsa nawa, daga wace unguwa, me ya yi ajalinsa, a wane layi aka sa shi. Sai katanga, da magudanar ruwa, da fitila, da albashin masu haƙa, waɗanda yawancinsu dattawa ne da suke rayuwa a kan abin da masu makoki suka miƙa musu. A unguwanni da yawa kwamitocin sa-kai ne suke riƙe da wannan aiki, su yi gayya kafin damina, su bi gida-gida neman kuɗin itace da tukwane. Iyalin da suke tunanin abin da za su yi wa mahaifinsu, gyaran makabartar da yake kwance a ciki yana cikin sadaka mai gudana kamar rijiya. Amma nauyin ba nasu ba ne su kaɗai. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya sa kafa makabartu da kula da su, da rajistar haihuwa da mutuwa, cikin ayyukan ƙananan hukumomi, kuma su ne ya kamata a fara tambaya me ya sa mai haƙa kabari yake ƙirga matattun gari da ka.